Fatar Gwankin Da Ya Kashe Jibo

Bazarar nan da muke ciki ita ce ta ashirin da uku da rasuwar Malam Jibrin maharbi, wanda mu da muka tashi tare muke kira Jibo. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Da so samu ne, addu'ar nan kaɗai zan yi in ja bakina in yi shiru, kamar yadda na saba kowace shekara. Bana abin ya ƙi. Na ji da kunnena ana cin naman mutumin nan a bainar jama'a, ɗansa na cikinsa yana zaune a wurin, kuma mai cin naman ya fi kowa a duniya sanin cewa ƙarya yake yi.

Sunana Idi, majemi ne ni. A Azare aka haife ni, a bakin kwatarniyar jima kuma na tsufa. Jibo taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, gidansu na wani ƙauye a bayan Chinade. Ban taɓa ɗana bindiga ba, ƙararta ma ba na so. Amma tun muna samari, duk dabbar da Jibo ya kayar, fatarta sai ta biyo ta hannuna, kuma fata ba ta rufa wa maharbi asiri. Nama a cinye shi, labari a ƙara masa gishiri a dandali, huji dai yana nan inda aka yi shi. In an kawo min fata goma a cakuɗe, ido rufe zan zare ta Jibo, in dai za a bar ni in shafa. Hujinsa ɗaya ne, kuma kullum a wuri ɗaya: ka bi bayan ƙafar gaba ka hau sama, ka tsaya kafin ka kai tsakiyar jiki. Barewa ce, mazo ne, gwanki ne, nan za ka same shi.

Wurin nan, ƙofa yake ce masa. Ya sha zama a majemarmu, yana toshe hanci yana zagin sana'ata, ya ɗauki tsinke ya zana min dabba a ƙasa. "Idi, ƙofar ɗaya ce," in ji shi. "In dabba ta tsaya ta ba ka gefe, allon kafaɗa ya rufe maka rabin wurin. Ka jira. Da ta miƙa ƙafar da ke wajenka gaba, allon ya matsa, ƙofa ta buɗe. Huhu na nan, zuciya na ƙasansa. In ka samu nan, za ta zabura ta ɗan yi gudu, amma ba za ta yi nisa ba. Ka riske ta da sauran rai, ka yi bisimilla ka yanka."

Ni kuwa, da yake aikin taubashi ke nan, sai in ce masa ai tsoro ne, in shi namiji ne ya riƙa harbin kai mana, in samu fata ba huji. Ranar da na ishe shi da wannan magana, bai yi dariya ba. Ya ce ni ta fata nake yi. Ya ce ƙwaƙwalwar gwanki ba ta wuce dunƙulen hannuna ba, kuma kai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka kuskure kaɗan, ka fasa masa muƙamuƙi, ya tafi yana kallon ruwa ba halin sha har ƙishirwa ta kashe shi. "Wa zai amsa wannan a gaban Allah, ni ko kai?" Daga ranar na rage wasan, ko da yake ban daina ba.

Harbin ciki kuwa, ko zancensa ba ya so. Dabbar da aka harba a ciki tafiya take da ƙafafunta huɗu lafiya lau, tumbi a fashe, hanji na ruɓewa, ta nemi duhuwa ta kwanta tana jiran mutuwar da ba ta zuwa da wuri. Naman ya lalace. In ta mutu, mushe ce, sai kura da ungulu. Kafin ta mutu kuma ta zama masifa ga duk wanda ya gitta, domin abin da ke gudun mutum jiya, yau ba shi da sauran abin gudu. Saboda haka in dabba ta juya wa Jibo baya, ko ganye ya rufe masa kafaɗarta, ba ya taɓa kunama.

Bindigar toka ce da shi, mai ɗuri ɗaya, dalma guda a dunƙule. Sau da yawa yakan wuni yana rarrafe da kan tsuntsun burtu ɗaure a goshi don ɓad da kama, yana sakin toka daga yatsunsa don ya ga inda iska ta nufa, ya matso har yana jin dabba na tsinkar ciyawa, sannan ya miƙe ya dawo gida da ɗurinsa a bindiga. Ka tambaye shi, ya ce ba ta ba shi gefe ba. Ko ya ce ciki gare ta. Ko ɗanta na bin ta. Matarsa Hansatu in ta hango shi tafe hannu na dukan cinya, sai ta ƙara daddawa a miya. Ni ne na raɗa masa suna maharbin kallo, sunan kuma ya bi shi har kasuwa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Gobe ma tana nan."

Yanzu fa? Dajin da Jibo ya yi rarrafe a cikinsa an share shi, an shuka riɗi da kankana. Ba na jin haushin manomi, abinci yake nema. Haushina yana kan masu bin ɗan abin da ya rage da babura da karnuka da wuta, su kewaye kurmi guda su yi ta luguden harbi kan duk abin da ya motsa. Fatun dawa da ke zuwa majema yanzu ba su da yawa, wadda ta zo kuwa kamar rariya: huji a cinya, huji a ciki, huji a wuya, wata har a kunne. Kafin a yanka ma sai an ɗora wa dabba ƙafa a wuya an ɗauki hoto a waya. Nakan tambayi kaina me Jibo zai ce da ya ga wannan. Ba mai yawan magana ba ne. Ina jin fatar zai juya, ya duba ta ciki da baya, ya tambayi mai ita dabba nawa ce ta tsere da irin wannan rauni a jikinta kafin a samu wannan ɗayar. Ita ce tambayar da ba mai yi yanzu, kuma ita ce ta fi ci min rai.

Abin da ya fi min ciwo shi ne, cikin masu kawo irin wannan fata har da Habu, ɗan Jibo. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, ya tashi da son daji a jininsa, ya zama maharbi shi ma. Bara ya kawo min fatar gada, na ɗaga ta a rana ina hango shi ta cikinta. Na ce, "Habu, ɗan Jibo ne ya yi wannan?" Ya kau da kai ya ce, "Baffa, ai ka ga inda jira ya kai Baba." Na ɗauka maganar ƙuruciya ce. Ashe wani abu aka daɗe ana ɗura masa a kunne, ni ban sani ba.

Kafin in faɗi abin da na ji, bari in faɗi abin da ya faru, domin masu karatu su auna da kansu.

Maharban ƙasarmu suna da wata al'ada da suke kira haƙƙin jinin farko. Wanda ya fara zub da jinin babbar dabba, cinyar dama tasa ce, ko da wani ne ya ƙarasa ta. Kuma wanda ya karɓi cinyar gwanki, ya shiga sahun waɗanda makaɗa ke ambata a wasan maharba, abin da wani zai tsufa bai samu ba. Amma al'adar tana da ɗaya rabin, kuma shi ne mai nauyi. Wanda ya raunata dabba, shi zai bi jininta har ya ƙarasa ta. In ta fi ƙarfinsa, dole ya je ya shaida wa Sarkin Baka, wato shugaban maharba, da makiyayan da ke kusa, ya faɗi inda ya same ta da inda ta nufa, kuma in an tashi bin ta, ya riƙe bindigarsa ya tsaya a bayan wanda zai shiga. Magabata ba don daɗin nama suka ajiye cinyar nan ba. Lada ce ta wanda ya ɗauki nauyin jinin da ya zubar.

A wancan lokacin akwai wani saurayi, Ɗanlami, ɗan masu hali, da ya samo bindiga mai baki biyu, irin mai harsashin kanti da ke watsa ƙananan dalma. A duk yankin shi kaɗai ke da irinta, kuma ba wanda bai sani ba, domin ko zance zai je sai ya rataya ta.

A bazarar shekarar, ruwa ya janye ko'ina sai wani tafki guda da ke bakin burtali. Wani gwanki, namiji, ƙato, ya ɓullo yankin. Ko a lokacin an daɗe ba a ga irinsa ba. Ba a jima ba Ardo Manu, shugaban Fulanin da ke zaune a wajen, ya zo gidan Jibo hankali a tashe. Ya ce gwankin ya kwanta a wata sarƙaƙiya dab da hanyar shanu, ya farke wa wata karsana ciki, ya kuma kori mata masu kai nono Chinade har ɗaya ta fasa ƙwarya. Jibo ya je ya duba sawu. Ya ga jini baƙi, haɗe da ɗanyen abin cikin tumbi, ƙudaje na bi. Bai buƙaci wani ya gaya masa ba, an harbi dabbar nan a ciki an gudu an bar ta.

Shi da Ardo suka tafi wajen Ɗanlami. Ardo ne ya ba ni labarin da bakinsa a zaman makoki. Ya ce Jibo ya yi wa yaron magana a hankali: "Ba faɗa na zo yi ba. Kowa na kuskure. Ka faɗa min ta wane gefe ka same shi, ka ɗauko bindigarka ka tsaya a bayana. Tawa ɗuri ɗaya ce, wurin kuma ba fili." Ɗanlami ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Baba Jibo, rabona da daji tun kafin azumi." Ya maimaita rantsuwar har Ardo ya ji kunya ya ja hannun Jibo suka fito.

Washegari da hantsi Jibo ya shiga sarƙaƙiyar shi kaɗai, Fulani na tsaye daga nesa da sanduna. Ya san abin da yake yi, ya kuma san hatsarinsa. Shi da kansa ya sha faɗa cewa dabbar da aka samu a huhu tana da sauran gudu a jikinta, shi ya sa kullum yake harbi daga ɗan nesa, da itace a gefensa. A nan babu nesa, babu itace, sai ƙaya. Kuma barin gwankin ba zai yiwu ba, yara na bi ta wurin da shanu safe da yamma. Ardo ya ce sun daɗe ba su ji motsi ba, har suka fara tunanin ya fasa. Ashe jira yake dabbar ta miƙe ta ba shi gefe. Sai suka ji ƙara ɗaya. Gwankin ya yi ɗan gudun nan na ƙarshe, sai dai a wannan karon kan Jibo ya yi shi. Ƙaho ya same shi a matsematsi. Da suka iso, gwankin na kwance kusa da shi yana fitar da jini ja mai kumfa ta hanci. Abin da Jibo ya fara ce musu shi ne su yi sauri su yanka kada ya zama mushe. Sun yanka. Shi kuma Jibo a kan amalanke ya cika, kafin a kai bakin titin Azare.

Da bindiga ta biyu na tsaye a bayansa, da wataƙila yau tare muke tsufa yana zagin warin majemata. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban musa ba, kuma ban taɓa musawa ba. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya yi rantsuwar ƙarya.

Ga kuma abin da har yau na kasa mantawa. An kai naman gidan mamaci, rabinsa ma zubarwa aka yi don ya lalace. Sarkin Baka na lokacin ya sa aka ware cinyar dama aka rataye, don cika al'ada kawai, ba wanda ya zaci za a zo nema. Muna zaune a ƙofar gida bayan an dawo daga maƙabarta, ƙasar kabari ba ta bar ƙafafunmu ba, sai ga wata tsohuwa daga gidan su Ɗanlami ta shige cikin gida da faranti. Baiwar Allah ba ta san me aka aike ta ba. Ta yi wa Hansatu gaisuwa, sannan ta ce, "An ce in karɓo cinyar Ɗanlami." Mutumin da ya rantse jiya cewa bai shiga daji ba, yau ya aiko karɓar haƙƙin jinin farko! Ya ƙi rabin al'adar da ke da ƙaho, ya miƙo faranti a ba shi rabin da ke da nama da kirari. Hansatu ta tashi da kanta, ta sauke cinyar, ta ɗora wa tsohuwar a ka.

Da labari ya fito waje, wasu samari suka miƙe. Hansatu ce ta aiko aka kira ni da Ardo da Sarkin Baka. Ta roƙe mu don Allah a bar maganar, ba ta so Habu ya tashi da gaba a zuciyarsa, wata rana ya ɗauki bindiga ya nufi mutum. Muka ga gaskiyarta. A lokacin shirun bai cuci kowa ba, domin duk wanda ke wurin ya san yadda aka yi. Sarkin Baka dai ya hana makaɗa ambaton Ɗanlami da gwanki har ya koma ga Allah. Fatar kuma aka kawo min. Na jeme ta da gashinta, ban sayar ba, na naɗe ta na ajiye a ɗakina.

Ƙarya kuwa ta yi haƙuri, ta zauna tana jiran shaidu su ƙare. Ardo Manu ya rasu. Sarkin Baka ya rasu. Tsohuwar mai faranti ta daɗe da rasuwa. Ɗanlami ya zama Alhaji Ɗanlami, da mota da yara masu take masa baya, makaɗa na kiransa mai gwanki, in an tambaye shi a ina, ya ce a wani daji can kudu.

Bayan girbin da ya wuce aka yi wasan maharba a wani ƙauye ta wajen Shira. Na je kai wa wasu warki da suka sa ni jemewa. Aka miƙa wa Alhaji lasifika ya yi wa matasa nasiha. Ina tsaye ina ji ya ce wai neman bayan kafaɗa tsohon yayi ne, maharbin zamani in ya ga nama ya sake masa wuta kawai. "Ga Jibo nan, Allah Ya jiƙansa," in ji shi. "Ya tsaya neman ƙofa, neman ƙofa, hannu ya yi rawa, ya samu ciki, gwanki ya gama da shi." Wasu suka yi dariya. Na duba cikin yaran Alhaji, sai ga Habu a zaune, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Nan take na gane maganar da ya faɗa min bara. Na ɗaga murya na ce ƙarya ne, ganga ta danne ni. Wani ma ya kama hannuna ya ce, "Baba zauna kar ka faɗi."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar jana'iza. Mutuwa ta ɗauke min Jibo sau ɗaya, na haƙura. Wannan kuwa, wanda ya harbi cikin ne ya ɗauki harbinsa ya rataya a wuyan wanda ya mutu wajen gyara masa ɓarna, yana yi yana haɗawa da Allah Ya jiƙansa. Bai tsaya nan ba, ya ɗauke wa yaro ubansa, ya mayar masa da shi abin kunya, ya kuma koya masa ainihin harbin da ya mayar da shi maraya. Ina mutum zai kai wannan?

Ban wuce gida ba, gidan Hansatu na nufa. Ta tsufa, idonta ya rage gani, amma kanta garau yake. Na faɗa mata abin da na ji, na ce alƙawarin da ta ɗora mana ya rage ni kaɗai ke ɗauke da shi, kuma ya yi min nauyi. Ta ce, "Malam Idi, na ce a yi shiru don yaro ya tashi ba gaba a ransa. Ban ce a yi shiru don a ci mutuncin ubansa a gabansa ba. Je ka ɗauko fatar."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka shimfiɗa ta a tsakar gidan Hansatu, Habu na tsaye. Ban yi masa dogon bayani ba. Na ce ya durƙusa ya nemo min harbin ubansa. Ya shafa ya shafa, yatsansa ya faɗa huji ɗaya a bayan ƙafar gaba, bakinsa a tsaftace, gashin da ke kewaye da shi lafiya lau. Na ce ya matsa baya wajen ciki. Nan kuma ƙananan huji ne a warwatse, fatar wurin ta yi baƙi ta yi siriri, gashin ya zube tun kafin ta zo hannuna. Na ce masa ya sani, ni ma na sani, fata ba ta ruɓewa a jikin dabba tsakanin harbi da yanka, wannan rauni ya kwana ya wuni a jikinta. Ya daɗe yana kallo. Bindigar ubansa na rataye a ɗakin Hansatu tun yana yaro, ya san bakinta. A hankali ya ce, "Bindigar Baba ba ta watsa dalma." Sai ya ɗago ya ce, "Inna, to wa?"

Hansatu ta ce, "Wanda ya aiko aka karɓar masa cinya ranar da aka binne ubanka." Ta faɗi sunan. Habu maharbi ne, ba sai an fassara masa ma'anar cinya ba. Ya miƙe zumbur, idonsa ya kaɗa. Abin da ta ji wa tsoro shekara da shekaru ke nan. Ta ce, "Zauna. Ban faɗa maka don ka ɗaga wa kowa hannu ba. Ubanka bai taɓa harbi cikin fushi ba, kai ma ba za ka fara ba." Ya tsaya kamar ba zai ji ba, sannan ya koma ya durƙusa a kan fatar, ya mayar da yatsansa cikin hujin nan guda ɗaya, ya yi ta kuka, ƙato da shi, mai 'ya'ya biyu. Muka ƙyale shi.

Ban san abin da ya gudana tsakaninsa da Alhaji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san ya daina bin motarsa. Shi kuma Alhaji, in wannan rubutu ya kai gare shi, ba na neman komai a wajensa. Cinyar ya cinye ta tuntuni, kirarin ma ya riƙe. Abu ɗaya nake so: in ya sake riƙe lasifika, ya cire sunan Jibo daga bakinsa. Duk wanda ke shakka, fatar na nan a ɗakina a Azare, ƙofata a buɗe take, ya zo ya sa yatsansa.

Me ya rage na Jibo bayan shekarun nan? Bai bar gona mai faɗi ba, bai bar shanu ba. Dajinsa ya tafi, gwankaye sun tafi, waɗanda suka yi masa farin sani saura ni da Hansatu, mu ma muna kan hanya. Na daɗe ina ɗauka cewa fatar nan ce kaɗai abin da ya bari, kuma in na mutu, wani zai yanka ta ya yi takalma.

Makon jiya ina tsaye a bakin kwatarniya ina juya fatu cikin ruwan bagaruwa, sai ga Habu, ƙarangiya duk ta manne masa a wando, gwiwoyinsa sun yi fari fat, ba komai a hannunsa. Ya ce ya samu wani mazo a bakin fadama, ya matsa har yana jin numfashinsa, amma tun da rana ta fito har ta take tsaka bayansa kawai yake ba shi. Abokan tafiyarsa suna ta yi masa alama ya saki wuta, ya ƙi, har mazon ya shige. Ya ce tun daga fadama har bakin titi dariya suke masa, wani ma ya ce ashe maharbin kallo ya bar magaji. Na haɗe fuska na ce, "To ni majemi me zan jeme?" Ya kalle ni ya ce, "Baffa, gobe ma yana nan."

Ba wanda ya koya masa wannan magana a gabana, wataƙila a bakin uwarsa ya tsince ta. Hawaye ya zubo min, ban kuma ɓoye ba. Ranar a gidan Hansatu na ci tuwo. Miyar kuka ce, daddawa ta ji, ko ƙashi babu a ciki, kuma rabona da in ci miyar da ta yi min daɗi haka tun Jibo na da rai.